Ɓerayen Tahunar Baba Makkawi

Ku da kuka zo neman shawara kan sayen injin niƙa, ku zagayo ta hannun damana. Kunnen hagu ya daɗe da tafiya. In za ku yi magana kuma ku dube ni, kada wani ya sunkuyar da kai wai shi mai ladabi, bakinku nake karantawa. Kai mai jar hula, na ga abin da ka faɗa tun kuna bakin ƙofa: wai niƙa ba wani aiki ba ne, a zuba hatsi ta sama gari ya fito ta ƙasa. Sannu da sani. Ni ma haka na ɗauka ranar da aka kai ni.

A farkon shekarun casa'in babana ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Makkawi a unguwar Digel. Tahuna gare shi, haka Larabcin garin nan ke kiran gidan niƙa, mu ma Hausawan Njamena haka muke cewa. Kakan Baba ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa za shi aikin hajji, ya tsaya bakin kogin Shari don ya yi noman guzuri, har Allah ya karɓi ransa bai ƙarasa ba. Sunan Makkawi ya bi jikan. Tahunar rumfa ce ta kwano, sama kwano, gefe kwano, a tsakiya inji mai shan gazuwal, wato man dizal, doguwar bel tana juya injin gari da na markaɗe. Abin da na fara lura da shi, injin ba shi da salansa, bututun nan mai rage ƙara. Na ɗauka lalacewa ta yi, ashe Baba ne ya cire ta da hannunsa. Ya ce ƙarar ita ce tallarmu. Mace tana cikin gidanta a ƙarshen unguwa, da ta ji tuf-tuf-tuf ta san tahuna ta tashi, ta ɗauko ƙwaryarta. Duk masu tahunar da na sani a wancan zamani haka suke yi.

Aikin da ya fara koya mini hankali masakwar Haja Fatime ce. Tsohuwa ce daga ƙauyen Gawi, takan kawo tukwane kasuwa, in ta sayar ta biyo da masakwarta, dawar rani ta ƙasar nan. Ina zuba mata a mazurari, ina jin kaina wani gwani, sai Baba ya ture ni da kafaɗa ya sassauta dutse ya kashe inji. Dutse muke ce musu amma ƙarfe ne, fayafai biyu masu haƙora da ke murza hatsi a tsakaninsu. Ya kwance da kile, abin da mutanen Najeriya ke kira sifana, ya zaro wata tsakuwa da ba ta kai ƙwayar wake ba, ya ajiye mini a tafin hannu.

"Ba ka ji ta ba?"

"Baba, a cikin wannan ƙara me mutum zai ji?"

"To koma gida ka sayar da goro. Mai niƙa da kunne yake ci."

Gaskiya ya faɗa. Ido ba ya ganin abin da ke cikin inji. Da kunne za ka san dutse ya matse garin zai ƙone, da kunne za ka san ya saki tsaki zai fito. Bel in za ta tsinke sai ta fara wani ɗan kuka siriri. Akwai wani dogon ƙarfe da Baba ke ajiyewa bayan ƙofa, ka ɗora bakinsa a jikin inji, ɗaya bakin ka danna a ƙashin bayan kunnenka, sai ka ji cikin injin kamar kana zaune a ciki. Da shi na koyi gane ciwon inji tun kafin ya kwanta. Ku riƙe wannan: kayan aikin mai tahuna na farko kunnensa ne, sauran duk ana sayensu a kasuwa.

Makon farko kaina kamar zai tsage. In na koma gida kunnuwana na ta shuuu, ana yi mini magana kamar daga cikin rijiya. Na kai ƙara wurin Baba, na ce ko in toshe da auduga. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ja ni bayan inji, ya nuna mini ƙarƙashin katakon da aka ɗaure shi a kai.

"Ka ga waɗancan?"

Ɓeraye ne, sun fi goma, suna cin dusa hankali kwance, inji na girgiza a kansu.

"Ɓera da ake cewa ba mai tsoro kamarsa, ga shi nan ya saba. Kai ɗan Adam ne za ka kasa? Kunne sabawa yake yi. Auduga ta ragwaye ce, kuma ranar da ka sa ta, ranar za ka fasa mini dutse."

Wallahi na yarda. Duk yaron da ya shigo tahunar nan an nuna masa ɓerayen nan, ni ma daga baya na nuna wa wasu. Kuma abin ya yi kama da gaskiya, don bayan 'yan watanni ciwon kai ya tafi, ƙarar ta daina damuna. Na ce alhamdu lillahi, na saba. Mukan ma yi musu dariya, don da an kashe inji magen maƙwabta takan shigo ta ɗauki ɗaya kamar mai ɗaukar tumatir a tire. Muna cewa dusa ce ta sa su ƙiba suka zama malalata.

A cikin waɗannan shekaru na auri Azumi. Dole in sako ta, don labarin ba ya tafiya sai da ita. Mace ce mai siririyar murya, ko tana faɗa sai ka ɗauka lallashi take. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Da farko "Malam", da aka haifi 'yarmu Rabi kuma na zama "Baban Rabi". In na dawo fari fat da gari takan ce, "Ga fatalwar Digel ta iso," ta miƙo ruwa. Mai labari ce ƙwarai. Duk abin da ya faru a unguwa sai ta juya shi ta ba ni ina cin tuwo, ina dariya har in ƙware.

Muguwar shekara ta zo mana wajen ƙarshen casa'in ɗin. Ruwa ya yi yawa, unguwa ta zama tafki, kuma a tsakiyar damina babbar sandar cikin inji ta karye. Ba a samun ta a garin nan, sai an aika Maiduguri, hanya kuwa ta lalace. Tahuna ta yi shiru har kaka ta kusa. Ni kaɗai nake zuwa in share, in shafa wa ƙarafa baƙin mai kada su yi tsatsa.

Wata safiya ina shara, koro ya suɓuce mini, kwanon awon nan na ƙarfe, ya faɗi kan siminti ƙwaram! Ni kaina sai da na zabura. Ɓerayen suna gabana, sun juya mini baya suna cin ragowar dusa. Ko ɗaya bai ɗaga kai ba. Na tsaya. Na tafa hannu. Shiru. Na ɗauki kile na buga a kwanon rumfa har kwanon ya lotsa. Suna ta ci abinsu. Sai da na buga ƙafa a ƙasa, suka ji girgiza a jikinsu, sannan suka watse. Na fita na shiga rumbun maƙwabcinmu mai sayar da gero, na yi gyaran murya kawai, ɓerayensa suka ɓace kamar ba a taɓa halittarsu ba. Na dawo na zauna kan buhu. Ashe namu ba sabawa suka yi ba. Kurame ne.

Akwai wani Issufu, mutumin Maraɗi, da ke zuwa da keke yana sayen dusa a wurinmu. Aikinsa a unguwar Farsha yake, a wani labo, ɗakin binciken likitocin dabbobi, shi ke ciyar da fararen ɓerayen da suke kiwo a keji. Na ba shi labari. Ya ce in kama masa wasu. Muka kafa tarko, muka samu manya da ƙanana, ya zuba su a keji ya rufe da tsumma don kada su gan mu, ya bar 'yar kafa muna leƙe. Ya yi fito mai kaifi. Ƙananan suka ɗan motsa kunne. Matsakaitan sai da ya buga ƙarfe. Manyan kuwa ko a jikinsu.

"Ka gani, Sale? Ba rana ɗaya yake tafiya ba. Kaɗan-kaɗan yake ci."

"In an raba su da inji, zai dawo?"

Ya ce zai tambayi likitan da yake aiki a ƙarƙashinsa. Ya tafi da kejin. Da ya dawo sayen dusa bai ko sauka daga keken sosai ba, yana ta kallon ƙasa. Ya ce likitan ya gaya masa a can cikin kunne akwai wasu 'yan gashi ƙanana da ido ba ya gani, su ke kama sauti. Ƙara mai yawa tana kwantar da su, tun suna tashi har su daina, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa, a ɓera ko a mutum. Siraran sauti su ke fara tafiya. Ya ce abin bai tsaya a kunne ba, har ƙwaƙwalwa yake taɓawa. In ta jira sauti bai zo ba sai ta ƙara wa kanta ƙarfi, kamar rediyon da ya rasa tasha ka murɗa shi, ba abin da za ka samu sai shuuu. Ya ce manyan ɓerayen nan tun da ya kai su wuri mai shiru ba su natsu ba, inuwa ta gifta su yi tsalle, ba sa shiga cikin 'yan uwansu, kowane ya kama kusurwarsa.

Ban buƙaci keji don in ga wannan ba, ga Baba Makkawi a gabana. Muddin inji na aiki ba wanda ya san kurma ne, don a tahuna kowa ihu yake yi. Da shirun nan ya zo sai asirinsa ya tonu. Muna zaune a ƙofar gidansa sai ya miƙe a fusace.

"Sale! Wa ya tayar da inji ba hatsi? Gazuwal kyauta ake ba ka?"

"Baba, inji a kwance yake."

"Ƙarya kake! Ga shi ina ji!"

A kansa yake jin sa. Ka yi masa magana ba ya ji, amma cokali ya faɗi kan tire sai ya dafe kunne kamar an soke shi. Ya daina zama majalisa, ya ce mutane na motsa baki suna gulmarsa. Mutumin da ya san kowace mace a Digel da irin laushin garin da take so, ya koma yana tambayata sunan jikokinsa. Na kai masa maganar ɓeraye, da ihu da nuni. Ya dube ni ya tofar da yawu.

"Ɓera ɓera ne. Ni tsufa ne."

Bai sake taka tahuna ba. 'Ya'yansa suka bar mini ita in riƙa juyawa.

Da ƙarfen ya iso aka gyara inji, na ce ni kam na yi hankali. Na sa maƙeri ya haɗa mini salansa, na toshe kunnuwana da auduga. Kwana da kwanaki ba kowa. Mata suna gida suna jiran tuf-tuf, ba su ji ba, suka ɗauka har yanzu a mace muke, suna wucewa ta bayan layi zuwa tahunar da ke ihu. Na bi gida-gida ina sanarwa, suka fara dawowa. Sai ga wata mata da buhun masara na sunan jikanta. Akwai noti a ciki, wa ya san daga motar da ya faɗo. Da kunnena a buɗe yake, tun taɓawar farko zan ji. Da auduga ban ji komai ba sai da dutse ya dare gida biyu, garin ya fito da baƙin ƙarfe a ciki. Matar ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka, suna gobe. Kafin la'asar duk unguwa ta ji cewa Sale ya toshe kunne yana niƙa wa mutane ƙarfe.

A ranar na zare audugar na jefar. Da aka sa sabon dutse na kwance salansar ma. Kada ku ce ban sani ba, wannan karon na sani sarai. Amma ga mata, ga 'ya, ga tsohuwata, kuma ban iya wata sana'a ba. Sana'ar tana son kunne a buɗe, kuma ita ce ke cin kunnen. Na juya abin ta kowace fuska ban ga mafita ba, na ɗauki hannun inji na murza.

Bayan shekara ta dubu biyu na ƙaro inji mai aiki da lantarki, wanda ke dukan hatsi maimakon murzawa. Wannan kukansa ya fi na da kaifi, kamar ana yanka kwano. Wuta kuwa kun san halinta a garin nan, sai na haɗa da janareta, ƙara kan ƙara. Ina kallon abin yana tafiya yadda Issufu ya faɗa. Gyare na fara rasawa. Wata damina na ce wa Azumi bana gyare ba su zo ba, ta dube ni, ashe suna ta kuka ni ne ban ji ba. Sai tsuntsayen darbejiyar gidanmu. Sai kukan bel, har ta tsinke ta tsaga mini goshi, ga tabon nan. Kiran salla ina jin amonsa, kalmomin sun narke. Na je asibiti, likita ya leƙa, ya buga wani ƙarfe kusa da kunnena, ya maimaita mini maganar Issufu da Faransanci. Ya ce akwai na'urar da ake sawa, daga waje ake kawo ta. Na gode masa na fito.

A wurin aiki kuwa ba wanda ya gane, nan ne mugun abin yake. Mai kawo niƙa abu uku take faɗa: a yi laushi, a ɓarza, ko a markaɗa. Ka dubi bakinta, ka dubi ƙwaryarta, ka ce "to". Duk abin da ta ƙara a kai, gaisuwa ce ko ƙorafi, "to" ta wadatar. Haka Baba ya yi shekaru, haka na gada. "To" ta zauna mini a baki, tana fita kafin in yi tunani.

Muryar Azumi ta bi gyare. Na roƙe ta ta riƙa ɗagawa. Ta matso da bakinta kusa da kunnena na dama ta ce, "Ni in yi maka ihu maƙwabta su ji? Su ce Azumi ta raina mijinta? Allah ya kiyaye." Ta gwada a cikin ɗaki, muryar ba ta da inda za ta je, sai ta shaƙe ta yi tari. Ta koma taɓa mini gwiwa tana nuni: abinci, ruwa, lokacin salla ya yi. Wani lokaci in ga ta fara ba ni labari kamar da, hannuwanta na tafiya, tana dariya, ni ma in yi dariya. Sai ta tsaya ta dube ni, ta gane ban ji ba, ta tashi ta kwashe kwanuka. Daga baya ta daina farawa. Wannan ya fi mini ciwo fiye da duk abin da inji ya yi mini.

Ciwon ƙirji ne ya kama ta. Mun yi na asibiti, mun yi na gida, tana ta ramewa. Ran nan bayan azahar na rufe tahuna na dawo, na tarar jikin ya yi tsanani. Na aiki Rabi ta kira yayar uwarta a Farsha. Muka rage mu biyu. Sai ta kama wuyan hannuna ta fara magana.

Ta daɗe tana yi. Leɓɓanta sun bushe, da ƙyar suke motsi, ban iya karanta komai ba. Na kai kunnen dama bakinta, iska kawai nake ji mai ɗumi. Na ce, "Azumi, ɗaga kaɗan." Ta yi ƙoƙari, na ga jijiyar wuyanta ta miƙe, ba abin da ya iso gare ni. Na so in fita in kira maƙwabciya ta saurara mini, ta ƙara damƙe hannuna ta girgiza kai. Maganar tawa ce ni kaɗai. Sai dabarar tahuna ta faɗo mini, na kwantar da kaina na danna ƙashin bayan kunnena a ƙirjinta. Na ji muryar tana gunji a ciki, tana hawa tana sauka. Na ji numfashin yana kartar wani abu, kuma a matsayina na wanda ya saurari cikin inji shekara da shekaru, na san abin da wannan ke nufi. Amma kalma ko ɗaya ban samu ba. A saman komai kuma injin Baba Makkawi na ta tuf-tuf a cikin kaina, a ɗakin da ba inji.

Ta gama. Ta ɗaga gira tana kallona, irin kallon wanda ya roƙi abu yana jiran amsa. Ta jira. Ta ɗan girgiza hannuna.

Na ce, "To."

Na ga fuskarta ta saki. Ta lumshe ido, ta sake mini hannu. Kafin Rabi su iso ta daina magana, kafin magariba ta cika.

Tun daga ranar nake bin abin da zato. Na ce ko kusa da uwarta take so a kwantar da ita, na sa aka yi haka. Na ce ko karatun Rabi ne, na bar ta ta yi har inda ta ga dama. Na ce ko yafiya ta nema, na yafe mata a gaban kabarinta da ƙarfi, duk da ban san laifin da ta taɓa yi mini ba. Na ce ko cewa ta yi in bar tahuna, na mayar wa 'ya'yan Baba kayansu na fito da rigar jikina. Kowanne na yi sai in zauna in ji ko zuciyata za ta kwanta, ba ta kwanta ba.

To ga shawarar da kuka zo nema. Inji yana da riba, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma cikin wata biyu ƙarar za ta daina damunku. Ranar da kuka ji ta daina, ku tuna da ɓerayen nan. Kai mai jar hula, na ga bakinka na motsi, kada ka wahalar da kanka, na gaji da karatu yau. Duk abin da ka faɗa, "to" zan ce maka. Ita ma abin da na ce mata ke nan, ta tafi da murna na ɗaukar mata alkawari, kuma har yanzu ban san me na amsa ba.